Taliya da kayan lambu: me za ki saya, me za ki bari a kanti?

Shekaranjiya ƙanwata ta kira ni daga kanti, wai Yaya ga Barilla ga Golden Penny ga wata mai murɗe-murɗe wacce zan ɗauka, maigidan ya ce yau taliya da kayan lambu yake so irin ta bidiyo ba jalof ba. Na ce mata ajiye su duka tukunna, me kika gani a teburin mai kayan miya? Don ni dai a wajena daga can ake fara lissafi.

Su mutanen Italiya da ake kwaikwayo suna yin wannan girkin ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tumatir da yalo da zukini (wata irin kabewa mai kama da kokwamba) suka cika musu kasuwa. Mu kuma a waɗannan watannin damina ce, tumatir ya yi tsada ga ruwa ga saurin ruɓewa, namu lokacin shi ne Janairu zuwa Maris da kayan noman rani ke fitowa daga su Kadawa da Kura, ki shiga 'Yankaba ki ga kwanduna har kan hanya. To in rani ne ki sayi ɗanye, UTC ɗin nan mai tauri mai tsoka, ki matsa shi da yatsa in ya lotsa ki bar masa abinsa. In damina ce kada ki wahalar da aljihunki, ki samu ɗanye ko huɗu ne saboda ƙamshi ki cike da kauɗa, amma fa ki jiƙa ta da ruwan ɗumi ki wanke sosai don ƙasa ba ta rabuwa da ita. Na gwangwani ko na leda shi ne zaɓina na ƙarshe, cokali ɗaya ya isa, in ya wuce haka kin koma jalof ɗin da aka ce ba a so.

Zukini kuwa kar ki zaga gari nemansa. Yalo yana maye gurbinsa, ga karas da koren wake da koren tattasai, na Jos in kin dace. Koren wake ki karya ɗaya a gaban mai shi, in ya ce ƙas sabo ne, in ya lanƙwashe ya kwana biyu. Kabeji ni ban cika sa shi ba, ruwa yake saki. Ganyen basil ɗin da suke tsinkawa a kai ɗan uwan daddoya ne, sai dai tamu ta fi ƙarfi, ganye biyar ya wadatar.

Sai ita taliyar. Siffa ta fi suna muhimmanci wallahi. Supageti santsi gare ta, kina juyawa karas da wake duk su gangara gindin tukunya, wanda aka fara zuba wa ya ci taliya zalla na ƙarshe ya kwashe lambu. Makaroni mai rami ko mai murɗe-murɗen nan su ke riƙe miya, kuma girmansu ɗaya da yankan kayan, cokali ɗaya ya ɗebo komai. Ki juya bayan ledar ki duba ko an rubuta alkamar durum, ita ce mai tauri da ba ta saurin caɓewa. Ta waje irin Barilla tana da kyau ba musu, amma in kuɗin ba su kai ba ta gida ta ishe ki, ki dai sauke ta minti ɗaya kafin lokacin da aka rubuta ta ƙarasa a cikin miyar. Na taɓa sayen wata mara suna don arha, minti shida ta zama kamar talge, yara suka ci da dariya. Leda ɗaya mai giram 500 tana ciyar da mutum biyar in lambun ya yi yawa.

Taliyar Hausa 'yar murji ina sonta har raina, amma gurinta manja da yaji ne, a nan narkewa take yi.

Mai kuma, man zaitun ƙaramar kwalba ta isa tunda a ƙarshe ake ɗan yaryaɗawa, suyan albasa da tafarnuwa ki yi da man gyaɗarki. Cukun Parmesan da suke gogawa a kai tsada ne da shi kuma ba ko'ina ake samu ba, in kina da mai zuwa daga Nijar ki ba da saƙon cuku busasshe ki daka kaɗan ki barbaɗa. Ƙanwar tawa dai mai murɗe-murɗen ta ɗauka, canjin ta ƙara yalo da tafarnuwa.