Wankin haƙori a wani kilinik a Kano: aikin ya yi, amma ma'aikaciya ɗaya ta yi kaɗan

Jama'a ga masu tambaya ta kan inda na kai Hajiyarmu wankin haƙori, wani kilinik ne mai zaman kansa a nan cikin Kano, kuma gaskiya na yaba, sai dai akwai abu biyu da suke damuna.

Ba likita ne ya yi aikin ba. Likitan ya duba bakin, ya ce babu kogo babu na cirewa, dasashi ne ya kumbura saboda dattin da ya daskare a gindin haƙora, sai ya haɗa mu da wata ma'aikaciya, irin waɗanda ake kira dental tarafis, ya ce wannan fanninta ne, kullum shi take yi. Ba ƴan koyo ba ne fa kamar yadda wasu ke zato, karatu suke yi na musamman, makarantar tarayya ta Inugu ta daɗe tana yaye su, kuma suna da hukumarsu mai yi musu rajista tun 1993.

Hajiya ta shiga da tsoro don an sha gaya mata wai wanki na sa haƙori girgiɗi yana buɗe tsakani. Baiwar Allah nan ba ta yi gaggawa ba wallahi, ta ba ta madubi ta riƙe, ta nuna mata bayan haƙoran ƙasa inda abin ya taru ya yi tauri kamar siminti, ga jan goro a kai, ta ce Mama wannan buroshi ko aswaki ba sa fitar da shi, kuma gurbin da za ki gani bayan an gama ba mu muka buɗe ba, dattin ne ya riga ya ci dasashin ya zauna a wurin. Sannan ta kunna injin nan mai ƙara yana feshin ruwa, tana yi tana tsayawa tana cewa sannu Mama, in kin ji zafi ɗaga hannu. Da ta ji Hajiya na da ciwon suga sai ta ƙara zama ta yi mata bayani cewa suga na tsananta ciwon dasashi, kada ta wuce wata 6 ba ta dawo ba. Jinin da take gani in tana goge baki yanzu ya tsaya, Alhamdulillah.

To ga matsalar. Ma'aikaciyar ita kaɗai ce a wurin, layinta ya fi na likitan tsawo, mun daɗe a zaune sosai. Na biyu kuma ko wanki kawai ka zo yi dole sai ka biya kuɗin ganin likita tukuna. Zuwan farko na yarda, a duba a tabbatar babu wata cuta, amma wanda ya dawo karo na biyu fa? A Ingila tun 2013 mutum na iya zuwa wajen irin waɗannan ma'aikata kai tsaye ba sai likita ya turo shi ba.

Na san akwai likitocin da ba sa son sakar musu aiki, wasu na tsoron raguwar kuɗin shiga, wasu kuma tsoronsu kada a wuce iyaka a taɓa abin da ba a koya ba, wannan na biyun ina ganin hujja ce. Amma likitocin haƙori sun yi mana kaɗan a Arewa, ga shi wasu na ta ficewa waje, in likita zai zauna yana wanki wa zai yi ciko da tiyata? Ina roƙon masu wannan kilinik su ƙaro ko mutum ɗaya, su kuma sauƙaƙa wa masu dawowa. Wanda zai je ya yi sammako, kuma ya tafi da magungunan da yake sha don ma'aikaciyar za ta tambaya.