Kakin mota na gwangwani da abin da ya yi wa baƙar motata a zafin Afrilu

Duk mai baƙar mota a Sakkwato ya san wahalarta. Ka wanke da safe, kafin la'asar ta koma ruwan ƙasa. Bayan hunturun bana na ga bonet ɗin Corollata ya fara dusashewa, ga tabon kashin tsuntsaye daga bedin da nake ajiye ta ƙarƙashinsa a wurin aiki. Shi ya sa na shiga wani shagon kayan mota na sayi kaki na gwangwani, mai karnuba. Mai shagon ya ce shafa ɗaya sai shekara. Abin da ya ja ni shi ne karnuba daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a Barazil, kuma sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa. Na ce to, namu digiri 42 ba zai yi masa komai ba.

Ranar Asabar bayan azahar na fito da motar ƙofar gida. Na watsa mata ruwa, na ɗauki soson da ke cikin gwangwanin na lafta kakin tun daga bonet har but, da kauri, don a tunanina yawansa shi ne kariyarsa. Ƙarfen kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Kafin in zagayo inda na fara, abin ya bushe ƙamas kamar an shafa farar ƙasa. Na sa tsohuwar singileti ina dirza, gumi na shiga mini ido, ba ya fita. Iska ta taso da ƙura ta manne a kai, ni kuma ina ta dirzawa da ita. Da magariba na haska fitilar waya, sai ga zane-zane zagaye kamar saƙar gizo-gizo ko'ina a bonet. Baƙar robar madubi da ta ƙasan gilashi duk sun yi fari. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Motar da na tara kuɗinta shekara uku!

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai fenti a Mabera, ina ta zagin kakin. Ya shafa bonet da bayan hannu, ya dube ni ya ce, "Ɗana, cikin rana kash shafa shi ko?" Na ce eh, Baba. Ya ce, "To wanga ba laihin kaki na ba." Da injin goge fenti ya cire zanen, sannan ya sa na dawo bayan asuba, lokacin da ƙarfe ke da sanyi. A inuwar rumfarsa ya nuna mini: a wanke da sabulun mota, ba garin sabulun wanki ba don shi kankare kaki yake yi, a tsane ta sarai, a shafa siriri har da ƙyar ake ganinsa, ƙofa ɗaya a gama da ita kafin a koma ta gaba. In ya yi hazo-hazo sai ka ja yatsa, in wurin ya fita tas ka goge da tawul mai laushi, maikurofaiba. Abin da ya ɗiba bai kai rubu'in nawa ba.

Gaskiya ta yi kyau. Baƙin ya yi zurfi kamar jiƙaƙƙe, ruwa in ya sauka sai ya dunƙule ya gangara. A lokacin na yafe wa kakin.

Amma shekarar da aka ce mini fa? Sati shida ruwa ya daina dunƙulewa a rufi da bonet. Sati shida! Narkewa daban, ƙarewa daban, rana da ƙura da wanki suna cinye shi a hankali, kuma mai shagon a garin nan yake zaune, ya san ranarmu. Wannan maganar tasa har yau tana ci mini rai fiye da zanen da na yi da hannuna.

Daga baya na sayi silant, na ruwa a kwalba, wanda haɗin sinadari ne. Ƙyallinsa bai kai zurfin na kaki ba, ya fi kama da gilashi, amma na shafa shi farkon Yuni kuma har Satumba ruwan sama na gangarewa. Shi ma yana son a bar shi awoyi ba tare da ruwa ya taɓa ba, don haka sai ka duba hadari. Kashin tsuntsu yanzu da jiƙaƙƙen tawul yake fita in ban bar shi ya kwana ba. Gwangwanin yana nan cikin but, sai dai ko sallah ko ɗaurin aure. Farin da ya bari a robar madubin hagu kuwa na bi shi da buroshin haƙori sau uku, har yanzu in rana ta haska ana ganinsa.