Na ba da aikin zanen hoton Baba da fentin mai a Zariya

Mai zanen da na ba aikin ya yi karatu ne a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, makarantar da su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, tun kafin ta zama jami'a. Hoton Baba nake so, wanda jikoki za su kalla su san dattijo ne mai mutunci.

Bai yarda ya kwafi hoton waya kawai ba. Ya zo gida, ya gaida Baba, ya zaunar da shi kan kujera, shi kuma ya zauna ƙasa da shi yana zane. Shi ya sa duk wanda ya tsaya gaban hoton sai ya ji kamar gaisuwa ya zo. Kafaɗa a miƙe, hannun dama kan gwiwa riƙe da carbi, fuska ba murmushi ba ɗaure fuska. Bayan hoton ya bar shi duhu, ba labule ba mota, don ido ya tsaya kan mutumin.

A babbar riga ya fi nuna gwanintarsa. Aikin aska takwas ya fito zare-zare, har da sheƙin da shadda ke yi bayan bugu, da nauyin riga inda aka naɗe ta a kafaɗa. Tamojin da ke fuska duka ya bari, bai mayar da Baba saurayi ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Matsala ɗaya ita ce rawani. A zanen gwaji ya yi masa kunne biyu, wai don ya ƙara kwarjini. Baba na gani ya ce, "Ɗana, ni ba ɗan sarauta ba ne, cire min." Ya gyara ba musu, amma mai zana manya ya kamata ya san wannan, dubi Sardauna a takardar naira 200, suturarsa ce ke fara faɗin matsayinsa.

Kuɗin ya fi na ɗaukar hoto nesa ba kusa ba, kuma fentin mai yana cin makonni kafin ya bushe, don haka mai gaggawa ya haƙura. Firem ɗin da ya sa bai dace da aikin ba, na canza shi. Wanda zai ba da irin wannan aiki, ya nemi ganin zanen gwaji tukuna, a gaban mai hoton.