Gawayi ko gas: wanne za ka ɗauka a tirela?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tirela mai ɗaki, za ku fita daji da iyali a jihar Colorado ta Amurka cikin watan Yuli, kana tambaya murhun gashi na gawayi za ka saya ko na gas.

Wajen ɗanɗano babu gardama. Kitse ya ɗiga kan garwashi, hayaƙi ya taso ya ratsa yajin ƙuli: wannan shi ne tsire, kuma gas ba zai ba ka shi ba. Ƙaramin murhun gawayi irin Weber Smokey Joe ma ya isa, ga arha. Sai dai za ka jira kusan minti 20 kafin garwashi ya yi ja, toka kuma tana iya ɓoye wuta har kwana biyu. Ranar da za ku kama hanya da asuba, ina za ka kai ta? Ni na taɓa tura murhun cikin ma'ajiyar tirela da sauran ɗuminsa, muka yi mako muna shaƙar ƙauri, uwargida ba ta yafe ba har yau.

Babbar matsalar ma doka ce. A yammacin Amurka, da zafi ya tsananta hukumomi kan hana kunna itace da gawayi saboda gobarar daji, wani lokacin har a sansanin da ka biya kuɗi. Murhun gas mai makunni galibi ana barinsa, tunda murɗawa ɗaya ya mutu.

Gas ɗin ma da nasa sharaɗin. 'Yan ƙananan kwalaben nan masu nauyin fam 1 ba sa daɗewa suke ƙarewa, gara tukunya mai nauyin fam 20. Tireloli da yawa suna da bakin gas a gefe, amma an riga an rage ƙarfin wanda ke fitowa ta nan. Ka jona murhu mai nasa regileta (na'urar rage ƙarfin gas), kamar Weber Q, sai wutar ta zo kamar ta fitilar aci-balbal, nama ya dahu maimakon ya gasu. Ka nemi wanda aka ƙera don wannan bakin, ko ka ba shi tukunyarsa daban.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yi gashi a cikin tirela ko ƙarƙashin rumfarta. Iskar gawayi tana kisa ba wari, ba sallama.

In ɗaya za ka saya, gas. Gawayi ka bar shi a gida, ya jira naman layya.