Hattara da masu tallar "ragowar Swarovski", angulu ce da kan zabo

'Yan uwa masu sana'ar duwatsu, na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya tana hana ni fitar da ita. Wadda ta shekara da shekaru tana zura duwatsu bai kamata a yi mata sakiyar da ba ruwa a kan dutse ba. To amma an yi min. Kuma jiya na ga shafin tallar da ya damfare ni ya sake ɓullowa da sabon suna, hotunan dai su ne, kalaman ma ba a canza ko harafi ba, shi ya sa na ce shirun ya isa.

Tallar tana cewa wai ragowar kayan Swarovski ne, wato kamfanin duwatsun kiristal na ƙasar Ostiriya, wai kamfanin ya daina sayarwa, su kuma suna karyar da abin da ya rage a ɗakin ajiya. Abin da ya sa ƙaryar take shiga shi ne an ɗora ta a kan gaskiya. A 2020 kamfanin ya sanar da cewa zai janye daga sayar wa 'yan sari da ƙananan masu sana'a duwatsunsa na zurawa, a 2021 kuma aka ga hakan a aikace. Duk wadda ke cikin harkar ta ji labarin, kuma ta san akwai tsofaffin dillalai da ke da sauran kaya na gaske a hannu. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne: yaushe kayan da ya yi ƙaranci ya taɓa faɗuwa a kasuwa? Ai tashi yake yi. Araha ba ta ado, na sani, kwaɗayi ne ya rufe min ido.

Ba wai ban yi tawa dabarar ba. Na ce ba na cinikin biri a sama, a aiko min in gani. Matar da ke amsa saƙo ba ta ko ja ba, cikin fara'a ta aiko da guda ashirin, masu tsini biyun nan da muke kira baikon, milimita 4. Na ɗaga su a haske, na juya, na sake juyawa. Na gaske ne, ko kaffara ba zan yi ba. Da su aka kama ni. Daga nan sai matsi ya fara: wai mutum uku na jiran kayan, in ban biya a ranar ba za a ba wata, kuma kuɗin duka ake so, ba kafin alƙalami ba, a asusun wani suna daban da na shafin. Na tura.

Da kwalin ya iso na tarar da duwatsun a zure, sili-sili a kan zaren roba, cikin farar leda da aka manna wa ɗan tambari mai hoton tsuntsun kamfanin. Nan ya kamata jikina ya ba ni. Baikon ɗin Swarovski a warwatse yake fitowa daga masana'anta, cikin fakiti rufaffe, masu milimita 4 guda 1,440 a fakiti ɗaya, wato gurus goma, da lambar samfuri a jiki, 5328, da girma da sunan launi. Dillalai kan raba shi a ƙananan ledoji, wannan ba laifi ba ne, amma dogayen silin nan da ake ratayewa jere-jere shigar kayan wasu masana'antun ce daban. Ni kuwa ina da oda a gabana, lokaci ya ƙure. Na tsinke zaren na zube su a faranti na kama aiki.

Mako biyu da kai wa mai odar sarƙarta da 'yan kunne da abin hannu, sai ga ta da su a ƙulle cikin hankici. Sarƙar ta tsinke a wuri biyu, duwatsun da ke gogar wuya kuma sun kwaile, sun koma fari fat. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Hajiya, ai ke kika ce min Swarovski ne." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ita ba ta san wata mai shafi ba, ni ta sani, ni ta ba kuɗinta.

A daren na shimfiɗa farin ƙyalle, na kunna fitilar waya, na ɗauko gilashin ƙara girma, na jera ashirin ɗin farko a dama, na kwalin a hagu. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan.

Yankan na fara dubawa. A na gaske, duk inda fuskokin dutsen suka haɗu, a ɗigo ɗaya suke haɗuwa, tsaf kamar an ja layi da reza. Abin da ya sa kamfanin ya yi suna ke nan: Daniel Swarovski ya yi rajistar injin yankan gilashi mai aiki da lantarki a 1892, ya kafa masana'antarsa a Wattens da ke Ostiriya a 1895, kuma daidaiton yankan nan shi ake biya wa kuɗi. A na hagu kuwa, wata fuskar ta haura, wata ba ta kai ba, tsakiyar dutsen da ya kamata ta zagaye shi a miƙe sai ta yi ta hawa da sauka. Na zura goma daga nan, goma daga can, na ajiye su kusa da kusa, tsawonsu bai zo ɗaya ba. Na sake zura wasu goman daga cikin na kwalin kaɗai, su ma ba su yi daidai da 'yan uwansu ba. Da na haska fitila ta ƙasa sai ga 'yan kumfa a cikin wasu, ƙanana kamar kan allura. Bakin hudar kuwa duk ya ɓaɓɓalle, yana da kaifi, shi ne ya riƙa cin zaren a hankali har sarƙar ta tsinke.

Sai fentin nan mai launin bakan gizo da ake kira AB, wanda Swarovski ya fito da shi a 1956 tare da gidan ɗinki na Christian Dior. Na gaske siriri ne, kina ganin cikin dutsen ta bayansa. Na jabun kauri gare shi, kamar mai a kan ruwa, na sa farce na kankara ya taso. Abin da ya ƙara min takaici, manyan da na saya don tsakiyar sarƙa ko gilashi ba su kai ba, roba ce. Ba su da nauyi, ba su da sanyin da gilashi ke yi in kin ɗora shi a kumatu, ga ɗan layin haɗi a gefe inda aka zuba su a mazubi, in kin kaɗa su a tafin hannu ƙarar a dushe take.

Da na aika wa matar shafin hotunan, amsar da ta ba ni ta sa na gane ba sabuwar hannu ba ce. Wai sabon samfuri ne marar dalma, shi ya sa ya bambanta da wanda na sani. Rabin gaskiya ce kuma. Da can ana sa dalma a gilashin don ƙara masa nauyi da walƙiya, har dokar Turai ta 1969 ta ce sai sinadarin dalma ya kai kashi 24 cikin ɗari kafin a kira gilashi kiristal mai dalma. Swarovski ya koma haɗin da ba dalma a 2012, don haka tsohuwar dabarar nan ta auna nauyi a hannu ba ta isa hujja ita kaɗai ba yanzu. Amma cire dalma ba ya sa kumfa a cikin dutse, ba ya karkatar da yanka. Da na gaya mata haka sai ta koma cewa waɗanda kamfani ya tace ya ware ne saboda ɗan lahani. Da na ce to a dawo min da kuɗina, sai aka toshe ni.

Ku lura da bakinsu sosai. A babban rubutu za ki ga Swarovski, a can ƙasa da ƙananan haruffa kuma "irin na Swarovski" ko "kiristal ɗin Ostiriya" ko "ajin AAA". Wannan AAA ɗin 'yan kasuwa ne ke liƙa wa kayansu, kowa da ma'auninsa, Swarovski ba ya raba duwatsunsa aji-aji haka. Ranar da rigima ta tashi, ƙaramin rubutun za su nuna miki.

Kada a fahimce ni a baibai, ba ni da faɗa da kiristal ɗin ƙasar Sin. Gundumar Pujiang da ke lardin Zhejiang ta yi suna wajen yankan gilashi, akwai mai kyau akwai na banza, ni ma ina aiki da mai kyan a kayan da ba a so su yi tsada, kuma ina faɗa wa mai saye abin da ta saya. Sunan da aka ara aka ɗora masa shi ne damfarar. Wadda ke neman yanka mai kaifi da girma iri ɗaya ta duba Preciosa, na garin Jablonec nad Nisou a Jamhuriyar Cek, kamfanin da aka kafa a 1948. A idona shi ya fi kusa, ko da yake launukansa ba su faɗa daidai kan na Swarovski ba, kada ki gauraya su a sarƙa ɗaya ba ki gwada ba. Duwatsun Cek da ake goge su da wuta kuma gefensu a ɗan sulɓe yake da gangan, ba lahani ba ne. Kamfanonin Miyuki da Toho na Japan fagensu ƙananan tsakiya ne, ba wannan layin ba.

Shafin da na ce ya dawo, an rufe wurin sharhi, hotunan an datse gefensu inda sunan mai su na asali yake, kuma har yanzu "kwali biyar ne suka rage", kamar yadda suka rage a lokacin da na saya.

Mai odar na sake mata aikin da Preciosa daga aljihuna, na kuma gaya mata sunansa kafin ta karɓa. Na kwalin na zubar da robar, gilashin na tsince masu ɗan dama-dama na rubuta musu ainihin abin da suke. Ashirin ɗin nan na gaske kuwa suna cikin 'yar kwalba a kan teburina, duk kayan da ya shigo sai na jera shi kusa da su kafin in tsinke zare.