Fitilar titi ta sola mai haɗe da komai: ta dace da lungu, amma kada lambar kwali ta ruɗe ku

Duk wanda ya zaga Pantami, Bolari ko Jekadafari a garin Gombe bayan isha'i zai ga yadda fitilar sola ta shiga lunguna. Kwamitocin unguwa da na masallatai kan yi karo-karo su sayi irin wadda faifan sola, batir da ƙwan fitila duk suke cikin gida ɗaya, a ɗaura a kan sanda, shi ke nan. Ba jan waya, ba mita, ba jiran wutar Nepa. Kaya ne mai amfani ƙwarai, kuma garin da Allah ya wadata da rana kamar Gombe bai kamata lungunansa su kwana cikin duhu ba. Abin da ke ɓata rai shi ne yadda ake sayar da ita.

A kwali za a ga an rubuta wat 300, wani ma 500. A bar wannan lamba, a nemi mai shago ya nuna bayanin batir. Idan aka ga bolt 3.2 da amfiya-awa 30 (30Ah), a ninka su: wat-awa 96 ke nan, iya wutar da batirin ke ajiyewa. Daren nan kusan awa 12 ne, don haka abin da fitilar za ta iya ci a tsaye bai wuce wat 8 ba. Faifan ma haka: mai wat 25, idan ya sami awa 5 na rana mai ƙarfi, wat-awa 125 zai tara, wani abu kuma ya zube a hanya. To ina 300 ta fito? Shi ya sa take haske tar bayan magariba, kafin ƙarfe 2 na dare ta zama kamar aci-balbal, daidai lokacin da 'yan sintiri suka fi bukatarta. Maganin yana cikin rimot: a saita ta ta rage haske zuwa kashi 30 cikin 100, sai ta ji motsi ta ƙara. A haka mai kyau takan kai asuba.

Zafi ne babban maƙiyinta a nan. A Maris da Afrilu Gombe kan taɓa digiri 40, batirin kuma yana kwance ne a ƙarƙashin faifan da rana ke gasawa tun hantsi. Batirin LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam mai bolt 3.2, ya fi jure wannan. Masu araha kuwa akan cusa musu ƙananan batura masu bolt 3.7, wasu ma tsofaffi, kuma su ne ke mutuwa da wuri. A ɗaga fitilar a hannu: idan ta yi sakayau, ko gidanta roba ce ba alminiyam ba, a ajiye ta. A kuma duba ko murfin batir yana kwancewa da sukurdireba. Wadda aka liƙe da gam, ranar da batir ya mutu an yi asarar duka.

Akwai aibin da ke cikin ƙirar kanta. Faifai ya fi son ya kalli kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, amma a wannan fitila duk inda ƙwai ya kalla, faifan ya bi shi dole. Ga ƙurar hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu sai an riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma duk mako 2, in ba haka ba caji ya ragu a ɗora wa batir laifi. Kwamiti ya sa wannan aiki a wuyan mutum ɗaya, da tsani.

Sanda ta zama mita 5 zuwa 6, bututu mai kaurin milimita 3, tazara kuma kamar mita 18 zuwa 20. Rami ya kai zurfin santimita 80, a zuba kankare na siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Ƙasar Gombe mai yashi ce, zaizaya ba baƙuwarta ba ce, don haka kada a kafa a bakin kwari ko gefen magudanar da ba a gina ba. Guguwar farkon damina ba ta raga wa sandar da aka dasa sama-sama. Notin da ke riƙe fitilar a ɗan ɗiga masa walda saboda ɓarayi.

A lungu, harabar masallaci ko bakin famfon unguwa, wannan fitila ta biya kuɗinta. A babban titi ba ta isa ba. Can sai mai faifai daban, wanda ake juyawa yadda ake so. Kafin a haƙa rami kuma a dubi itatuwan layin. Dogonyaron da aka dasa bana bai kai kafaɗa ba, amma nan da 'yan shekaru inuwarsa za ta rufe faifan, kuma ba daidai ba ne a sare bishiya don fitila. A matsar da sandar tun yanzu.