Share fagen karatun likita a Amurka bayan ka girma: kwalejin unguwa ko jami'a?

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke Bironks a birnin Niyok da kewaye sun zo Amurka da digirinsu na gida, suna jinyar tsofaffi ko tuƙin Uber, amma burin zama likita bai bar zuciyarsu ba. Abin da ke fara tare su shi ne yawancin makarantun likitanci a nan suna son a yi darussan share fage a makarantar Amurka ko Kanada: shekara ɗaya ta bayoloji, ɗaya ta kimistiri, ɗaya ta kimistirin oganik, ɗaya ta fiziks, duk da aikin ɗakin gwaji, sau da yawa har da bayokimistiri. Sannan ga MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci.

Kwalejin unguwa mai shekara biyu ita ce ta talaka. A kwalejojin unguwa na CUNY, jami'ar birnin Niyok, mazaunin birnin da ya yi rajistar neman digiri yana biyan dala 210 kan kowane kiredit (ma'aunin nauyin darasi), a Kalifoniya kuwa dala 46. Akwai ajin dare da na Asabar. Za ka ga mace ta taso daga aiki da rigar jinya a jikinta, ta sa tabarau na ɗakin gwaji, ta tsaya kan kwalabe har tara na dare. Ajin ba ya cika maƙil, malami zai san sunanka, kuma wannan na da amfani ranar da za ka nemi wasiƙar shaida. Sai dai wasu makarantun likitanci suna ganin darussan kwalejin unguwa ba su kai na jami'a tsauri ba, kuma ba kowace kwaleji ke koyar da bayokimistiri ba. Kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Kundin MSAR na AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, yana nuna matsayin makarantu kan wannan, ka duba shi kafin ka biya ko sisi.

Akwai kuma shirin share fage na musamman da ake kira post-bacc, irin na Bryn Mawr da Goucher da Columbia. Suna ba da mai ba da shawara da wasiƙar shaida daga kwamitin makarantar, wasu ma suna da yarjejeniya da makarantun likitanci. Kuɗin dubban daloli ne masu yawa, kuma wasunsu sai ka ajiye aiki. Mai iyali, wanda ake jiran saƙonsa a gida ƙarshen wata, da wuya ya iya.

Ni dai shawarata a haɗa biyu: a fara bayoloji da kimistiri da fiziks a kwalejin unguwa, a ƙarasa bayokimistiri da wani darasi mai nauyi a jami'a mai shekara huɗu, ko ta sashen karatun manya irin Harvard Extension School, domin a nuna cewa makin farko ba sa'a ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Tsarin neman gurbi na AMCAS yana lissafa kowane maki da ka taɓa samu, ko da ka maimaita darasin, kuma takwaransa AACOMAS, na makarantun da ke ba da ɗayan digirin likita mai suna DO, ya daina goge tsohon maki tun 2017. In kana aikin awa 40 a mako, darasi ɗaya ko biyu a zango ya ishe ka. Ka kuma tabbatar da takardunka na zama a ƙasa tukuna, domin yawancin makarantun likitanci, 'yan ƙasa da masu girin kad suke ɗauka.